Rile, LOGO!, PLC ko Arduino: wanne ya dace da injin matse roba a Legas?

Duk wanda ya jima a harkar gwangwan a Legas ya san ribar roba ba a wurin saye take ba, a wurin lodi take. Gorar ruwa da ta lemo iska ce zalla. Sai ka cika mota taf, a hau sikeli ka ga nauyin bai taka kara ya karya ba, alhali direba kuɗin sawu guda zai karɓa. Shi ya sa daga Ojota, gefen bolar Olusosun, zuwa Igando, Agege da Alaba Rago, duk wanda jarinsa ya ɗan yi kauri sai ka ga ya kafa injin matsa, yana mayar da tulin roba, kwali ko gwangwanin lemo dila-dila. Yawancin injinan nan ƙirar gida ne. Masu walda suka haɗa gangar jikin da ƙarfen Owode Onirin, aka ɗora silindar tsohuwar tifa ko katafila, aka sa moto da famfon mai, sai liba guda da yaro zai yini yana ja yana turawa.

Yanzu maganar da ke yawo a tsakanin iyayen gida ita ce a mayar da injin otomatik: yaro ya zuba roba, ya rufe ƙofa, ya danna maɓalli ɗaya, injin ya sauka ya danne ya koma sama da kansa. Masu haɗa wuta kuwa kowa da abin da yake tallatawa. Wani ya ce rile (makunnin da wuta ke kunnawa) da taima (mai ƙirga lokaci) sun isa, wani ya ce a sa ɗan akwatin sarrafa inji da ake kira LOGO!, wani ya ce ai sai cikakken PLC mai allo, wato kwamfutar sarrafa injinan masana'antu, ɗalibin kwalejin Yabatech ko jami'ar Unilag kuma ya zo da ɗan allon lantarki na Arduino a aljihu ya ce, "Alhaji, da kuɗi kaɗan zan yi maka." Duk huɗun suna iya sa silinda ta sauka ta hau. Bambancinsu yana fitowa ne ranar da injin ya tsaya cak, tirela na bakin ƙofa tana jiran kaya.

Kafin a shiga kwatanta su, akwai wani zato da ya kamata a kawar. Otomatik ba ya ƙara wa injin gudu, ba ya kuma ƙara masa ƙarfi. Ƙarfi na fitowa ne daga faɗin silinda da matsin mai: silinda mai faɗin milimita 150 a kan matsin da ya kai bar 160 (bar ma'aunin matsi ne) tana danna abu da nauyin da ya haura tan 28, ko yaro ne ya ja liba ko kwamfuta ce ta ba da umarni. Gudu kuma famfo ne ke yanke shi. Wannan silindar, idan tafiyarta mita ɗaya ce, tana shan mai kusan lita 18 kafin ta kai ƙasa, famfon da ke tura lita 40 a minti ɗaya zai yi daƙiƙa 26 ko 27 yana cika ta. Babu furogiram ɗin da zai rage wannan lissafi. Abin da otomatik ke kawowa daban ne. Kowace danna tana kaiwa matsi iri ɗaya, don haka dilolin suna fitowa da nauyi kusa da juna. Yaron da a da yake maƙale da liba yanzu yana iya tsince roba ko cire murafu kafin injin ya dawo sama. Sannan an daina barin liba a danne bayan silinda ta kai ƙarshe, abin da ke sa mai ya yi ta bi ta bawul ɗin rage matsi yana zafi har ya cinye robobin silinda. Idan waɗannan ukun ba su dame ka ba, ka bar libarka, ka sa makunnin ƙofa kawai, ka riƙe kuɗinka.

Akwai kuma kayan da dole ka saya ko wace hanya ka bi. Bawul mai liba zai fita, mai soleniyod biyu (nannaɗaɗɗiyar wayar da ke tura bawul idan ta samu wuta) ya shigo, irin wanda sifirin ke mayarwa tsakiya da zarar wuta ta yanke. Za a sa makunnin iyaka a sama da ƙasa, makunnin matsi a layin mai, makunnin ƙofa, jan maɓallin tsayar da gaggawa, kwantakta (babban rilen da ke kunna moto) da obalod (mai kashe moto in ya ja wuta fiye da kima), da akwatin ƙarfe da za a zuba su. Idan ka tara kuɗin waɗannan da ladan aiki, za ka ga ƙwaƙwalwar da ake ta gardama a kanta ƙaramin kaso ce a cikin kuɗin gaba ɗaya. Wanda ya yi tsimi a nan, tsimin bai kai ya kawo ba.

Rile da taima su ne tsohuwar hanya, kuma ba a raina su. Babu furogiram, wayoyi ne kawai ke riƙe da dabarar: ka danna maɓalli, rile na farko ya kama ya riƙe kansa, soleniyod ɗin sauka ya samu wuta, makunnin matsi ya buɗe idan an kai iyaka, taima ya ƙirga daƙiƙun da aka saita, rile na biyu ya kama, silinda ta koma sama har ta taɓa makunnin iyaka. Rile huɗu ko biyar da taima biyu sun gama aikin. Kowane mai gyaran wuta da ya taɓa haɗa fanel ɗin famfon ruwa ko injin niƙa zai bi shi da testa ya gano inda ya yanke, kayansa kuma tuli ne a sashen lantarki na kasuwar Alaba. Rile ya ƙone, ka zare shi daga gindinsa ka soka wani, ko sukudireba ba ka buƙata. Ga wanda yadinsa yake can ƙuryar Ikorodu ko hanyar Badagry, inda kiran injiniya ke nufin yini guda a cikin cunkoso, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Matsalarsa tana zuwa ne da sauyi. Robar ruwa tana da taurin kai, ka danne ta, ka ɗaga, ta sake kumburowa, musamman idan ba a cire murafu ko huda gorunan ba. Sai maigida ya ce yana so injin ya danna sau biyu kafin ya koma sama, ko ya riƙa ƙirga danna, ko moto ya mutu da kansa in an yi minti biyar ba a taɓa shi ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙarin rile ne, ƙarin waya, kuma kowane mai gyara da ya zo sai ya ɗora nasa a kan na wanda ya gabace shi. Na buɗe wani akwati irin wannan a wani yadi: wayoyin duka ja ne, babu lamba ko ɗaya a jikinsu, an ɗaure wasu da salatef, an tsallake obalod da guntun waya saboda "yana yawan faɗuwa", ga ƙwan tsaka jere a bayan taima. Injin yana aiki, amma babu mahalukin da zai iya gaya maka dalilin da ya sa yake aiki. Wannan ciwon kai ne ma ya haifi PLC tun asali. A 1968 kamfanin General Motors na Amurka ya gaji da warware manyan fanel-fanel na rile duk lokacin da aka sauya ƙirar mota, ya nemi na'urar da za a sauya wa dabara ba tare da an taɓa waya ba. Dick Morley da abokan aikinsa suka fito da Modicon 084, kuma suka tsara yadda ake rubuta furogiram ɗin ya yi kama da zanen rile da masu gyaran wuta suka saba karantawa. Har yau wannan zane mai siffar tsani shi ne yaren da aka fi amfani da shi.

Sai ƙananan na'urorin da ke tsakanin rile da cikakken PLC: LOGO! na Siemens, wanda ya fito a 1996, da takwaransa Zelio na Schneider. A nan zan ɗan daɗe, domin a ganina nan amsar mafi yawan masu injin tsaye guda ɗaya take.

LOGO! ɗan akwati ne da bai wuce tafin hannu ba, yana hawa kan layin ƙarfen da kwantakta ke hawa, da ɗan allo da maɓallai a fuskarsa. Shi kaɗai, ba tare da ƙari ba, yana da mashiga 8 (inda saƙo ke shigo masa) da mafita 4 (inda yake ba da umarni). Ka ƙirga abin da injin matsa ke buƙata: maɓallin farawa, na tsayawa, makunnin ƙofa, iyakar sama, iyakar ƙasa, makunnin matsi, saƙon obalod, da makunnin zaɓi tsakanin hannu da otomatik. Takwas ke nan cif. Mafita kuma: kwantaktan moto, soleniyod ɗin sauka, na hawa, da fitila ko jiniyar da za ta ce dila ta cika. Huɗu ke nan. Kamar don wannan injin aka yi shi. Idan moton yana tashi ta hanyar sita-delta, wato haɗin da ke rage wutar da yake ja a lokacin tashi, a bar wa sita-deltan taimansa na daban, kada a cinye mafita uku a kansa. In kuma daga baya buƙata ta ƙaru, ana maƙala masa ƙarin ɓangare a gefe.

Abin da ya fi burge ni da shi shi ne maigida da kansa yana iya sauya lokaci daga allon. Yau kwali ake matsawa, daƙiƙa uku sun isa. Gobe robar ruwa ce, a mayar takwas, a ce ya danna sau biyu. Ba sai an kira kowa ba, ba sai an zo da laftof ba, muddin wanda ya rubuta furogiram ɗin ya bar waɗannan lambobi a buɗe. Allon kuma yana nuna wace mashiga ce ke da wuta, wace ce babu. Yaro ya kira ya ce, "Oga, inji ya ƙi sauka," sai ka ce ya duba lamba uku, in ba ta haska ba ƙofa ce ba ta rufu da kyau ba, ko roba ta maƙale a makunnin. Rabin kiran gyara a nan yake ƙarewa. Furogiram ɗin ba ya gogewa don an ɗauke wuta, kuma ana iya kwafe shi a ƙaramin katin memori a ajiye a gida.

Yana da nasa sharuɗɗa. Rile ɗin da ke cikinsa an rubuta amfiya 10, amma wannan na kaya irin hita ne. Ga abu mai nannaɗaɗɗiyar waya irin soleniyod da kwantakta amfiya 3 ne. Kuma a manne suke a ciki, in ɗaya ya ƙone ba a zare shi. Don haka mai hankali yakan sa ƙananan rile masu gindi a tsakani, su sha wahalar, su mutu a sauya su da kuɗi kaɗan. Akwai LOGO! mai cin wutar bolt 230 kai tsaye, akwai mai cin bolt 24. Na fi son mai 24 da ɗan fawa saflai mai kyau a gabansa, saboda irin waɗannan fawa saflai suna karɓar wuta daga wajen 100 har 240 su fitar da 24 daidai, wanda a wutar Legas da ta janareta rahama ce. Ƙari a kan haka, wayar da ke zuwa maɓallin da yaro ke dannawa da jiƙaƙƙen hannu ba za ta ɗauki 230 ba. Sai kuma a kula da sensa, domin iri biyu ce, PNP da NPN: yawancin LOGO! masu 24 suna son PNP, in aka sayo NPN za a yi ta zargin na'urar alhali ba laifinta ba ne. Kuɗin LOGO! ya fi na tarin rile, kuma tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashin duk kayan nan bin dala yake yi, ka tambaya yau ka koma jibi ka ji wani abu daban.

Cikakken PLC shi ne na gaba: Delta na Taiwan, jerin FX na Mitsubishi, S7-1200 na Siemens. Waɗannan su ne ke tafiyar da injinan masana'antun Ikeja, Ilupeju da Agbara, kuma an gina su don zafi, girgiza da hayaniyar wuta. Amfaninsu yana bayyana idan aikin ya wuce silinda ɗaya. In injinka kwantacce ne mai bel ɗin ɗauko kaya, da injin huda gora a gaba, da silinda ta biyu mai turo dila waje, ko kana so sensa ta riƙa karanta matsin mai da zafinsa tana nunawa a allon taɓawa, ko ana sarrafa gudun moto da inbata, to ka wuce gonar LOGO!, PLC kake buƙata. Ƙaramin Delta, irin DVP-14SS2 mai mashiga 8 da mafita 6, ba ma lallai ya fi LOGO! tsada ba, manhajar rubuta masa furogiram kuma kyauta ce, saɓanin TIA Portal na Siemens da ake biyan lasisi. Sai dai ba shi da allo. Komai ƙanƙantar sauyi sai an zo da laftof da kebul, ko a sayi allon taɓawa daban, wanda shi ma kuɗi ne kuma shi ma furogiram gare shi.

A nan ne ake ɗaure 'yan kasuwa. Wasu masu haɗawa sukan kulle furogiram da kalmar sirri su tafi da ita. Ranar da kuka saɓa a kan kuɗi, ko ya koma Abuja, ko ya samu bizar waje, injinka ya zama maraya: wani injiniyan ba zai iya karanta abin da ke ciki ba, sai dai ya goge ya fara daga farko, ka sake biya. Wannan na iya faruwa da LOGO! ma, amma furogiram ɗin LOGO! gajere ne, wanda ya iya zai sake rubuta shi a zama ɗaya. Akwai kuma PLC 'yan tokumbo da ake cirowa daga masana'antun da suka rufe. Wasunsu lafiyayyu ne, amma wasu tsofaffin ƙira batir ne ke riƙe musu furogiram, batirin ya mutu a lokacin da babu wuta, komai ya tafi. Sai allunan China masu arha da ke kwaikwayon FX, tsirara ba murfi. Suna karɓar furogiram irin na Mitsubishi, suna kuma aiki da 24, sun fi Arduino dacewa da akwatin wuta nesa ba kusa ba, amma ingancinsu sa'a ne, wanda ya zaɓe su ya sayi biyu, ya zuba furogiram a duka, ya ajiye ɗaya a durowa.

Arduino kuwa a makaranta aka haife shi, a garin Ivrea na Italiya a 2005, don ɗaliban zane su koyi haɗa na'urori ba tare da sun zama injiniyoyi ba. A wannan aiki ba shi da na biyu, kuma yaranmu da yawa ta nan suka fara. Uno, wanda aka fi sani, yana da ƙafafun shiga da fita 14 da wasu 6 masu karanta awo, ya ishi injin matsa har da saura. Ana samun kwafinsa a Arena ta Oshodi da Computer Village da kuɗin da bai kai na kwantakta mai kyau ba. A kan tebur, da ƙananan fitilu a madadin soleniyod, zai yi maka zagaye ɗari ba kuskure, har ka ce me ya sa mutane ke ɓarnar kuɗi.

A cikin akwati kusa da moto labarin ya sauya. Arduino da bolt 5 yake magana, kuma siginar bolt 5 a gefen kwantakta da soleniyod tamkar raɗa ce a tsakiyar kasuwar Mile 12 ranar da motocin tumatir suka sauka. Duk lokacin da soleniyod ya saki, wutar da ta taru a nannaɗinsa takan yi tsalle ta koma baya, ta bi waya ko iska ta shiga allon. Wani lokaci ya ɗauka an danna maɓalli alhali ba a danna ba, wani lokaci ya sake tashi daga farko a tsakiyar danna, wani lokaci ya daskare da mafita a kunne. Waɗannan shuɗayen rile da ake sayarwa tare da shi, wasunsu sukan ɗan kama na ƙiftawar ido lokacin da allon ke tashi, kafin furogiram ya karɓi ragama. A fitilar ɗaki wannan ba komai ba ne. A silinda mai tan 28 magana ce ta hannun mutum. Ga kuma siraran wayoyin nan masu sokawa, waɗanda girgizar famfo ke zarewa a hankali, damshin Legas kuma ya sa musu kore.

Ana iya gyara duk wannan, ban ce ba a iyawa ba. A raba mashiga da ƙananan na'urorin da ke wuce sigina ta haske, a yi aikin waje da 24, a sa dayod a kan kowane soleniyod, a ba allon wutarsa daban, a kunna mai gadin da ke sake tayar da shi in ya daskare, a ɗaure kowace waya da sukuru. Amma kafin a gama, kuɗi da lokaci sun kusa kamo na LOGO!, kuma abin da aka samu na'ura ce guda ɗaya tak a duniya, wadda mutum ɗaya ya san cikinta. Furogiram ɗin a yaren C++ yake, ba zanen tsani ba, mai gyaran wutar unguwa ba zai karanta ba, kuma ba a iya zaro rubutun asali daga cikin allon. Wata rana sai ka ji ɗalibin ya gama makaranta, an tura shi bautar ƙasa Ebonyi, laftof ɗinsa ya lalace. Shi kansa kamfanin Arduino, da ya so shiga masana'antu, sai ya haɗa kai da Finder suka fitar da Opta, wanda siffarsa da wutarsa irin ta ƙaramin PLC ce. Inda Arduino ko ɗan'uwansa ESP32 ke da amfani na gaske a yadi shi ne gefe: ya ƙirga danna nawa aka yi, dila nawa ta fita, awa nawa moto ya yi, ya turo wa maigida a waya yana zaune a Agege ko ma yana Kano. In ya daskare, lissafi kawai aka rasa.

Ko wanne ka zaɓa, tsaron rai ba ya shiga cikin furogiram. Jan maɓallin gaggawa da makunnin ƙofa dole su yanke wutar kwantakta da ta soleniyod kai tsaye, waya zuwa waya, ta yadda ko ƙwaƙwalwar ta haukace injin zai tsaya. Na'urar dai a ba ta labari ta wata mashiga don ta nuna a allo. Maɓallin da makunnin a haɗa su a rufe, wato wuta na bi ta cikinsu kullum, yadda in ɓera ya cinye wayar injin zai mutu ne, ba wai ya ci gaba da aiki babu mai tsayar da shi ba. Makunnin ƙofa ya zama mai harshen ƙarfe da ke shiga rami, domin mai ɗan taya yara kan ɗaure shi da robar taya don su riƙa tura kaya da hannu injin na sauka. Idan wuta ta ɗauke ta dawo, kada injin ya motsa sai an sake danna maɓalli. A garin da ake sauyawa tsakanin NEPA da janareta sau da dama a yini, kuma yaro kan shiga cikin injin ya zura igiyar ɗauri da zarar ya ga an ɗauke wuta, wannan sharaɗi shi ne kan gaba. A injin tsaye, farantin danna yana iya zamowa ƙasa da nauyinsa ko moto a kashe yake, sai an sa bawul mai riƙe mai a gindin silinda, kuma duk mai shiga ciki a tokare farantin da ƙarfe. Bawul ɗin rage matsi yana nan daram, makunnin matsi ba ya maye gurbinsa, a saita makunnin ya yanke ƙasa da inda bawul ɗin ke buɗewa. Turo dila waje kuma a bar shi a hannu, da maɓallai biyu masu nisa da juna da sai an danne su tare.

Wutar Legas ita ma tana da hannu a zaɓin. Moto mai kilowat 7.5 a layi uku yana jan amfiya 14 zuwa 15 yana aiki, amma a tashi kai tsaye yakan ja ninki shida ko bakwai. A kan janareta mai ƙaramin ƙarfi wutar takan nutse na ɗan lokaci, kuma a wannan nutsewar Arduino ke sake tashi, rile masu cin 230 kuma su yi ta kaɗa haƙora. Sita-delta yana rage jan farko zuwa kashi ɗaya cikin uku. Akwai ɗan rile mai gadin layi da ya kamata ya shiga kowane akwati: in layi ɗaya ya ɗauke, ko aka juya layuka bayan gyaran taransifoma ko sauya janareta, ya hana moto tashi. Rashin layi ɗaya yana ƙona moto, juyawar layi kuma tana sa famfo ya juya baya, ba ya jan mai, yana cin kansa. Ga waɗanda Ikeja Electric ko Eko suka sa a rukunin Band A na masu samun wuta mafi yawa, wanda aka ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, kashe moto in an jima ba a aiki ya zama abin lissafi. A LOGO! ko PLC layi biyu ne na furogiram. Sai dai kada a gajarta lokacin har moto ya riƙa tashi da mutuwa kowane minti, wannan ma yana gajiyar da shi.

Akwatin wutar kansa a kafa shi a bango, ba a jikin injin ba, wayoyi su shigo ta ƙasa a toshe ramukan. Ragowar lemo da ke tsiyaya daga goruna tana kiran tururuwa da kyankyaso, ruwan Yuni da Yuli yana shiga ta kowace kafa, masu yadi a Ijora da Apapa kuma suna da iskar gishiri a kan wannan.

To wa zai ɗauki wanne? Mai injin tsaye guda ɗaya, kaya iri ɗaya, nesa da gari, kuma yana da mai gyaran wuta da ya yarda da shi: rile da taima, da sharaɗin a sa wa kowace waya lamba a manna zanen a cikin murfin akwatin. Mai sauya kaya tsakanin roba, kwali da gwangwani, ko mai injin biyu zuwa uku: LOGO! ko Zelio mai 24, iri ɗaya a duka injinan, da guda a ajiye. Mai kwantaccen inji da bel da silinda fiye da ɗaya: Delta ko Mitsubishi na asali da allon taɓawa, a zaɓi wanda aƙalla mutum biyu da ka sani suka iya. Arduino a ba shi aikin ƙirga.

Kafin ka biya cikon kuɗin aiki, ka karɓi kwafin furogiram a filasha, da kalmar sirri a rubuce, da zanen wayoyi, sannan ka sa a gwada injin a gabanka da roba a ciki. Faranti na sauka, a buɗe ƙofa: ya tsaya nan take. A rufe ƙofar: kada ya ci gaba sai an danna. A sake farawa, a kashe babban makunni a tsakiyar tafiya a mayar: kada ya motsa. A zare waya ɗaya daga jan maɓalli: injin ya ƙi tashi. A sauya zuwa janareta a yi danna goma a jere, sannan a kashe moto faranti yana sama, a yi masa alama da alli a jikin ƙarfe, a dawo bayan sallar la'asar a duba ko ya zame.